Yadda Tada-Tsika Ya Nemi Matsoraci Guda Ɗaya

Ni mai aski ne, shagona kuma yana ƙasan benen da Tada-Tsika yake zaune, don haka duk wanda ya ba ku labarin nan ta wata fuska daban, daga bakina ya ji ya ƙara gishiri. Shekara goma sha biyu ina aske kan mutumin nan. Na san bayan kan ciki da bai, kuma da yake ba ya iya rufe baki in ya hau kujera, abin da ke cikin kan ma na sani.

Shi ya raɗa wa kansa sunan. Cewa ya yi duk wanda ya karanta layi uku na rubutunsa sai tsikar jikinsa ta tashi. Marubucin labaran fatalwa ne, yana da shafi guda a jaridar mako, ya kuma buga littattafai bakwai. Da can ma'aikacin gidan waya ne, har wata rana ya ajiye hatimi ya ce shi ba don lasar kan sarki aka haife shi ba, an haife shi ne don ya hana duniya barci.

Duniya kuwa ta ci gaba da barcinta har da minshari. Matsalar ita ce duk fatalwar da ya rubuta tana da tarbiyya. Sai ta yi sallama, ta cire takalmi, sannan ta shiga ɗaki. Akwai wadda ta taso daga kabari takanas don ta gaya wa mijinta ya bar famfo a buɗe. Akwai wadda ta shaƙe mutum, sannan ta tsaya tana tambayarsa ko ta matse da yawa. Sista, ma'aikaciyar jinya da ke hawa na biyu, littattafansa take karanta wa marasa lafiyar da barci ya ƙaurace wa, ta ce ba ta taɓa kaiwa shafi na huɗu ba.

Abu na biyu, wanda duk benen ya sani amma ba mai faɗa a gabansa, shi ne Tada-Tsika matsoraci ne na ƙin ƙarawa. Da rana ta faɗi yake rufe littafin rubutu, ya kife shi, ya ɗora masa ƙamus a kai. Matarsa, Malama, wadda ke koyar da lissafi a firamare, ita ke buga masa labaran a na'ura, kuma duk tsawon shekarun nan ko gira ba ta taɓa ɗagawa ba. Gyara kawai take masa.

"Maigida, a shafi na biyu ka ce mutum biyar suka shiga gidan, uku suka mutu, huɗu suka fito."

"To ai wannan shi ne abin tsoron!"

"A'a, wannan shi ne kuskuren."

Wata Litinin ya faɗo shagona ba ranar askinsa ba, ya zube a kujera, ya ce in tura ƙofa.

"Lafiya, Marubuci?"

"An yi sabuwar edita a jarida. Yarinya ce, ba ta san adabi ba. Wai za ta karɓe shafina ta ba wani mai rubutu a kan kiwon kaji."

"Kaji kuwa suna da jama'a," na ce.

Ya harare ni ta madubi. "Wai duk wasiƙun da ake aiko mata a kaina na godiya ne, ina sa yara dariya. Ni! Na ce mata, ranki ya daɗe, akwai mutumin da ya karanta littafina na uku ya kwana huɗu bai runtsa ba."

"Wane ne?"

"Ni ne. Amma ba ta tambaya ba."

Ga dai yadda suka rabu. Ranar Asabar zai karanta sabon labarinsa a gaban jama'a, a ɗakin karatu na unguwa, Edita kuma za ta zo da kanta. In ta ga mutum ɗaya, ɗaya tak, ya tsorata da gaske, shafi ya zauna. In ba ta gani ba, kaji su shigo.

"Mutum ɗaya!" ya ce, yana dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ni da zan kwantar da ɗakin gaba ɗaya. Ka gaya wa Sista ta taho da ruwan yayyafa wa waɗanda za su sume."

Na yi masa dariya, amma gaskiya ya ba ni tausayi. Shafin nan shi ne abin tinƙahonsa a duniya. Duk mako jarida biyu yake saya, ɗaya ta karantawa, ɗaya ta nunawa.

Yana da wata ƙa'ida da yake cika baki da ita, wai shi ba ya rubuta abin da bai gwada ba. Sabon labarin yana da abin tsoro uku: ƙwanƙwasa a cikin bango, nishin da ba a san mai yi ba, da wani farin abu mai saukowa daga sama. Sai ya ƙudura zai gwada su ɗaya bayan ɗaya a kan mu maƙwabtansa. Da yake kuma shi da duhu ba sa ga maciji, duk gwajin da tsakar rana ya shirya shi.

Ranar Talata da misalin sha biyu, ina cikin yi wa wani gyaran fuska, sai bango ya ɗauki ƙara. Ƙwang. Ƙwang. Ƙwang. A yi shiru, a sake. Ba wanda ya ce fatalwa. Kowa ya leƙo ta taga yana ƙwala wa Mai Famfo kira, shi kuwa ya saɓi jakar kayan aiki ya bi ƙarar hawa bayan hawa har saman rufi. Can ya tarar da Tada-Tsika a tsugune bayan tankin ruwa, da ludayin ƙarfe na matarsa a hannu, yana dukan bututu.

"Marubuci, sana'ata za ka ƙwace?"

"Da ka ji ƙarar, me ya fara zuwa ranka?"

"Tsatsa."

"Ba ka ji kamar wani da ya daɗe da barin duniya yana neman hanyar fita ba?"

"To in shi ne, ya samu," in ji Mai Famfo, domin a daidai lokacin bututun ya yi wata irin gyatsa, tsatsar da ta toshe shi ta ɓalle, ruwan da ya yi wata takwas bai hau hawa na uku ba ya tsinke a kowane famfo. Matan hawa na uku suka fito da murna suna sa wa Tada-Tsika albarka. Wata har ta roƙe shi ya zo ya daki na banɗakinta. Ya sauko da ludayi a lanƙwashe, fuska a murtuke, bai amsa godiyar kowa ba.

Ranar Laraba ya shige ɗan ɗakin ajiye tsintsiya da ke ƙarƙashin matakala, ya bar ƙofa a ɗan buɗe don haske, ya kafa baki a mazurari yana nishi. Rashin sa'arsa, ranar Sista tana hutu. Ta sauko da silifas ɗaya, ta fizge ƙofar, ta same shi a duƙe a tsakanin bokiti da tsintsiya.

"Tun yaushe rabonka da bayan gida?"

"Sista, aiki nake. Wannan nishin matacce ne."

"Shekara ashirin ina jin nishi, Marubuci. Matacce ba ya nishi. Wannan na cushewar ciki ne. Buɗe baki."

"Wallahi lafiyata ƙalau!"

"Duk haka kuke cewa."

Ya buɗe baki zai yi gardama, ta antaya masa cokali biyu na maganin wankin ciki. Daga azahar zuwa la'asar ya yi sintiri ya fi sau goma tsakanin ɗakinsa da banɗaki, kuma nishin da ya riƙa yi a lokacin ya fi na farkon tayar da hankali nesa ba kusa ba. Na gaya masa haka don in ƙarfafa masa gwiwa, bai ji daɗi ba.

Ranar Alhamis ya hau rufi, ya zare wani farin zanin gado daga shanyar Mai Guga, wanda shagonsa ke jikin nawa, ya rataya shi a maratayin riga, ya ɗaura igiya, ya riƙa sauko da shi a hankali ta gaban tagogi. Abin ya iso daidai ƙofata yana lilo. Mutumin da nake wa aski ya dube shi, ya ce, "Maigida, shanyar wani ta faɗo." Kafin in amsa, Mai Guga ya fito da dutsen guga a hannu, ya ɗaga kai sama.

"Kai! Wa ke jan zanin mutane a jikin bango?"

Daga sama wata murya mai kauri ta ce, "Na dawooo."

"Ka dawo ka sauko! Ka san sau nawa na ɗauraye wannan?"

Ya cafki gefen zanin ya ja, na sama ya ja, suka yi ta ja-in-ja har maratayin ya tsinke ya faɗo a kan Mai Guga. Sai da na shiga tsakani a kan matakala, rabin kan mutum a aske yana jirana.

Duk wani mai hankali da a nan ya tsaya. Tada-Tsika kuwa ranar Juma'a ya tara mu a shagona, ni da Sista da Mai Famfo da Mai Guga, ya tsaya a gabanmu da takarda, ya ce gwajin ya yi nasara.

"Ta ina?" in ji Sista.

"Na gano matsalar. Ba labarin ba ne, ku ne. Tsoro kamar hamma yake, sai wani ya fara sauran su kama. Ku za ku fara."

Ya raba mana aiki. In ya cire tabarau, Sista ta ƙwalla ƙara. In ya zaro hankici ya share goshi, Mai Famfo ya tashi ya ranta a na kare yana salati. In ya kurɓi ruwa, ni in sume. In ya daki tebur, Mai Guga, wanda zai ɓuya a bayan labule, ya ja igiya, fatalwa ta taho ta saman jama'a. Ya ce ya zaɓi alamun nan ne saboda ba wanda zai yi zargin komai, abubuwa ne da kowane mai karatu yake yi.

"Ni da girmana in faɗi a ƙasa?" na ce.

"Kai ne mai faɗin jiki. Za a ji ƙarar har baya."

"In muka ƙi fa?" in ji Mai Guga.

Ya sauke takardar. "In aka karɓe shafin, ba ni da wurin kai labaraina. Sai dai in riƙa saukowa ina karanta muku. Da safe shagon aski, da rana shagon guga."

Nan take Mai Guga ya tambayi wane irin zani ake so.

Malama ce kaɗai ba ta cikin shirin. Ya ɗan taɓa mata zancen, ta ce ita ba ta yin ƙarya a gaban jama'a, za ta dai zo ta zauna a baya, tana da littattafan ɗalibai arba'in da ba ta duba ba.

Asabar da ƙarfe sha ɗaya na safe muka hallara. Mutum kusan hamsin ne a ɗakin: yara, iyayensu, da tsofaffin da ke zuwa karanta jarida kyauta. Edita ta zauna a sahun gaba, siririya mai ɗan littafi a cinya, ba ta da alamar wasa.

"Me ya sa da safe?" ta tambaye shi. "Na ɗauka labarin fatalwa sai da duhu."

"Ranki ya daɗe, da duhu ko kyanwa ta iya tsorata mutum. Gwani shi ne mai yi da hantsi."

Amma don a samu ɗan yanayi, ya sa aka rufe tagogi duka, aka saki labule, aka kashe fanka don kada ƙararta ta ɓata masa murya. Shi kuma ya sha baƙar kwat mai nauyi har da ɗamarar wuya. Kafin ya hau mumbari ɗakin ya zama tanda.

Ya tsaya, ya gyara murya. "Jama'a, barkanku da zuwa. Ina yi wa kowa..." Gumi ya gangaro ya lulluɓe masa gilashi, ya daina ganin takarda. Ya sa hannu ya cire tabarau.

Sista ta ƙwalla wata ƙara da sai da wani tsoho ya yar da jaridarsa. Ɗaki ya juya yana kallonta. Ta kama ƙirji, ta ce, "Wayyo, gaisuwar ce ta shige ni."

Tada-Tsika ya zare mata ido, ya mayar da tabarau da sauri. "Kamar yadda nake cewa, ina miƙa godiya ta musamman ga babbar baƙuwarmu, Edita, wadda kowa ya san kirkinta da..." Gumi ya shiga idonsa. Hannunsa da kansa ya tafi aljihu, ya zaro hankici, ya share goshi.

Mai Famfo ya miƙe zumbur, ya ture kujera biyu, ya nufi ƙofa yana salati da iya ƙarfinsa. Ya tura, ƙofa ta ƙi, domin ja ake yi. Ya yi ta turawa yana salati har wata yarinya ta taso ta buɗe masa. Ya ce mata na gode, sannan ya ci gaba da gudu.

"Ni ya gani ya gudu?" in ji Edita.

"A'a, ranki ya daɗe. Ya san abin da ke tafe ne."

Yara suka fara ƙyalƙyala. Na hango Tada-Tsika yana ta kaɗa mini kai, wai in dakata. To amma maƙogwaronsa ya bushe, ya buɗe baki zai faɗi sunan labarin, tari ya sarƙe shi. Ya yi ta maza, ya ƙi taɓa kofin. Tari ya ƙaru, idonsa ya yi ja. Wata mata ta ce, "Bawan Allah, sha ruwa mana!" Edita da kanta ta tashi ta miƙa masa kofin. Ya dube ni kamar mai roƙo, ya kurɓa.

Ni kuma mutum ne mai cika alkawari. An ce in ya sha ruwa in sume, ba a ce in tsaya in duba dalili ba. Na saki jiki na tafi ƙasa, na haɗa da kujerar wani dattijo. An kuwa ji ƙarar har baya. Sista ta rugo da gorar ruwa ta juye mini a fuska, tana raɗa mini cewa in ƙara lanƙwashe ƙafa.

Ka ga ke nan, ko sunan labari ba a faɗa ba, mun ƙarar da tsoron da muka zo da shi kaf.

Edita tana fifita da ɗan littafinta ta ce, "Zafi ne ya kayar da shi. A kunna fanka." Aka kunna. Tada-Tsika ya ɗaga kai ya dubi fankar, ya dubi igiyar da suka ja tun da safe daga bayan labule zuwa ƙarshen ɗakin, wadda ta bi ta ƙarƙashin fankar da tazarar taƙi ɗaya. Ya fara karatu.

Daga inda nake kwance, da ido ɗaya a buɗe, na ji labarin. Wani attajiri ne ya sayi tsohon gida, kullum ana ƙwanƙwasa masa bango. Rannan ya yi ƙarfin hali ya ce wane ne. Sai murya ta amsa daga cikin bangon, ta ce ya yi haƙuri da damun da ake masa, in ba zai zama takura ba, ana so a shigo a razana shi.

Ɗakin ya tuntsire. Tsofaffi suna share hawaye, yara suna birgima. Wani ya ce, "A ba ta kujera mana!"

"Ba abin dariya ba ne!" in ji Tada-Tsika. "Mutumin nan yana cikin haɗari!"

"Haɗarin me? Ko shayi za ta ce ya dafa mata?"

"Ku yi shiru!" Ya ɗaga hannu ya daki tebur.

Mai Guga ya ja igiya.

Fatalwa ta fito daga bayan labule, fara fat, an goge ta har da kari, ta taho ta saman kawunan jama'a tana rangaji. Yara suka yi ta tafi. Ta zo daidai fanka, iska ta ɗaga gefenta, fanka ta cafke. Sai ga fatalwa tana juyi a sama, tana sharar ƙurar shekara da shekaru tana watsa wa mutane. Mai Guga ya yi tsalle ya fito daga maɓoyarsa da igiya a hannu.

"A kashe! A kashe! Zanin mutane ne, da yamma za a zo karɓa!"

"Koma ciki!" in ji Tada-Tsika. "Jama'a, wannan duk yana cikin labarin!"

"Yana cikin labarin uban wa? Dubi bakin zanin!"

Aka kashe fanka, amma zanin ya riga ya naɗe. Tada-Tsika ya ga in bai sauko da fatalwar nan ba, shi da shafi sai a lahira. Ya janyo dogon tsanin da ake ɗauko littattafai da shi, ya jingina a kantar littattafai, ya hau da takardunsa a hannu ɗaya, yana hawa yana ci gaba da karatu don kada a ce labari ya tsaya.

"Sai attajirin ya ji wani sanyi ya ratsa shi," ya karanta, yana miƙa hannu. "Sai ya ga wani farin abu yana..."

Ya kamo gefen zanin ya fizga. Zani ya warware gaba ɗaya ya rufe shi ruf. Tsani ya zame. Kanta ta yi gaba ta yi baya, ta yanke shawarar bin sa. Ya taho ƙasa, littattafai suka biyo shi kamar ana juye buhu.

Dariyar ta ɗauke. Ƙura ta lafa, ga shi nan a miƙe a ƙasa, farin zani ya rufe shi daga kai har ƙafa, takalmi kawai ake gani. Ko motsi babu.

Sai wani sauti ya taso daga bayan ɗakin. Ba ihu ba ne irin na Sista, ƙarami ne, kamar an tsinka wani abu a ƙirjin mutum. Malama ce. Littattafan ɗalibanta suka watse a ƙasa, ta keto jama'a, ta taka mini hannu ba ta ma sani ba, ta durƙusa tana watsar da littattafan da ke kansa. Ta kira shi da sunansa na gaskiya, wanda ban taɓa jin ta faɗa ba, kuma ba zan faɗa muku ba. Ta kama zanin za ta yaye, ta kasa. Sista ce ta yaye, ta taɓa wuyansa, ta ce yana numfashi, ƙulu ne kawai a goshi. Ta yayyafa masa ɗan ruwan da na rage.

Ya buɗe ido. Ya ga fuskar matarsa a kansa, duk tsoro ya cika ta. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce, a hankali, "Edita ta gani?"

"Na gani," in ji Edita, tana tsaye a kansu. "Na kuma ga igiya, na ga mai guga, na ga mai askin da ya sume yana kallona da ido ɗaya." Na rufe idon, amma an makara. "Ba labarinka ne ya tsorata ta ba, Malam. Tsani ne."

Ba wanda ya yi dariya. Ya rufe ido, na ga shafin nan yana fita daga hannunsa, kuma ya san ya fita. Amma hali ba ya barin mai shi. Ya sake buɗe ido ya dubi matarsa.

"Malama, don aiki nake tambaya. Da abin ya zo miki, me kika gani? Jini? Kabari?"

Na ɗauka za ta kwaɗa masa littafi. Sai ta zauna a ƙasa sosai, ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba, "Ban ga ko ɗaya ba. Gobe da safe na gani. Na zuba shayi kofi biyu kamar kullum, na zauna ina kallon ɗayan yana hucewa. Sai na ji tarinka daga ɗakin rubutu, na ce ina zuwa. Har na miƙe, sannan na tuna."

Ni da nake kwance cikin ruwa da zafi, sai na ji sanyi ya bi ta bayana. Wata mata ta janyo ɗanta jikinta. Tada-Tsika ya ɗaga hannunsa yana kallo, gashin ya miƙe tsaye ɗaya bayan ɗaya.

Edita ta buɗe ɗan littafinta. "Malama, kina rubutu?"

"Lissafi nake koyarwa."

"Ina son irin wannan duk mako. Shafin naki ne in kina so."

Malama ta dubi mijinta. Abin ya soke shi, kowa ya gani. Sannan ya yunƙura ya zauna, da ƙulu a goshi da ƙura a gemu, ya riƙo hannunta, ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya.

"Karɓi," ya ce mata. Ya ɗaga murya yadda na baya za su ji. "Ni na koya mata."

Aka fashe da dariya har da tafi, ya kuwa karɓi tafin da gyaɗa kai kamar nasa ne. Amma bai saki hannunta ba. Da hayaniya ta yi yawa ya matso kusa da kunnenta, ni kaɗai na ji saboda har lokacin ba wanda ya ce in tashi.

"Malama, tarin nan dai kada ki sa shi a jarida. Kuma in mun koma, ki fara shiga ɗakin rubutun ki duba."